Shin SPR zai iya maye gurbin HPLC wajen auna aflatoksin a gyaɗa?

Wata ɗaliba mai digiri na biyu a kimiyyar sinadarai ta aiko da tambaya. Bincikenta a kan aflatoksin ne, gubar da fumfuna ke haifarwa, a gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce HPLC ɗin da take dogara da ita, wato na'urar da ke rarrabe sinadarai ta auna kowanne, in ba a lalace take ba, to layi ya yi tsawo. Sai ta karanta cewa akwai wata hanya da ake kira SPR (surface plasmon resonance), wadda ke gano sinadari nan take ba sai an liƙa masa launi ko wata alama ba. Tana son sanin yadda abin yake aiki, da kuma ko zai isar mata.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama lafiya. SPR zai iya auna miki aflatoksin, an yi hakan an kuma wallafa. Amma akwai abu guda da nake so ya zauna miki kafin komai: na'urar SPR makauniya ce. Ba ta san aflatoksin ba, ba ta san gishiri ba, ba ta san man gyaɗa ba. Abin da take ji kawai shi ne ruwan da ke manne da fuskar zinarenta ya ƙara kauri ko ya ragu. Duk wani bambancewa tsakanin wannan sinadari da wancan, ke za ki gina shi da hannunki a kan zinaren. Na ga ɗalibai masu hazaƙa sun ɓata wata shida saboda ba wanda ya gaya musu wannan tun farko.

Ki ɗauki kofin gilashi, ki zuba ruwa, ki tsoma cokali. Za ki ga cokalin kamar ya karye a daidai bakin ruwan. Haske ne ya lanƙwasa da ya fita daga ruwa ya shiga iska, kuma kowane abu yana da nasa ma'aunin lanƙwasa haske: na ruwa 1.333, na gilashin da aka fi amfani da shi a wannan aiki kusan 1.515. Yanzu ki ɗaga kofin sama da idonki, ki leƙa fuskar ruwan ta ƙasa a karkace. Ta zama madubi. Hasken da ya zo a kwance sosai ba ya iya fita, gaba ɗayansa yake komawa. To amma ko a wannan hali akwai ɗan ɓurɓushin ƙarfin hasken da ke leƙawa ɗaya ɓangaren, ba ya tafiya ko'ina, yana dusashewa cikin ɗan taƙi. A kan wannan ɓurɓushi aka gina SPR.

Ana samun gilashi mai kusurwa uku, wato firizim, a shimfiɗa masa zinare siriri ƙwarai, kimanin nanomita 50. Gashin kai ɗaya ya fi shi kauri sau dubu da ɗoriya. A bayan zinaren sai a riƙa gudano ruwan da ake son aunawa. A cikin zinare akwai ilektoron da ba a ɗaure suke ba, suna iya kaɗawa tare kamar igiyar ruwa a kan fuskar ƙarfen, kuma wannan kaɗawa ita ce falasmon ɗin da ke cikin sunan. Kin san lugude: mata uku a turmi ɗaya, wadda ta shigo sai ta dace da bugun sauran, in ta saɓa tabarenta karo za ta yi. Haka haske yake da waɗannan ilektoron. A yawancin kusurwoyi bugunsa bai dace da nasu ba, sai ya koma kamar daga madubi. A kusurwa guda tak bugun ke dacewa, ƙarfin hasken ya zube cikin zinaren, sai a ga baƙin layi a cikin hasken da ya dawo. Da jan lesa mai nanomita 633, in iska ce a bayan zinaren layin yana wajen digiri 44, in ruwa ne sai ya haura digiri 70 kaɗan. Ko yaya ma'aunin lanƙwasa hasken ruwan ya motsa, baƙin layin zai gusa. Gusawar nan ita ce duk abin da na'urar ke rubutawa. Kuma jin nata bai wuce nanomita 200 zuwa 300 daga fuskar zinaren ba; abin da ke can tsakiyar ruwa, nesa da haka, babu ruwanta da shi.

Abin ya daɗe. Robert Wood ya ga baƙaƙen layukan a 1902 a Amurka bai san dalilinsu ba. A 1968 Andreas Otto, da kuma Kretschmann da Raether, suka nuna yadda ake tayar da falasmon da firizim a Jamus, kuma tsarin Kretschmann, wanda ƙarfen ke manne da gilashin, shi ne ke cikin kusan kowace na'ura a yau. A 1983 Liedberg da Nylander da Lundström na jami'ar Linköping a Suwidin suka nuna ana iya ganin antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki da ke cafke takamaiman abu, yana kama abokinsa ta wannan hanya, a 1990 kuma kamfanin Pharmacia ya fito da na'urar SPR mai suna Biacore ta farko. Azurfa ta fi zinare fitar da siririn layi, sai dai tana dafewa, shi ya sa zinare ya ci kasuwa.

Ma'aunin da za ki riƙa gani shi ne RU. RU 1,000 daidai yake da gusawar kusan digiri 0.1, kuma daidai yake da kimanin nanogiram 1 na furotin a kan murabba'in milimita 1. RU ɗaya kuwa canji ne na kashi ɗaya cikin miliyan a ma'aunin lanƙwasa haske. Wannan kaifin ji shi ne alherin na'urar, shi ne kuma fitinarta. Ruwa in ya ƙara zafi da digiri 1 kacal, ma'auninsa na sauka da abin da ya kai RU 100. Ƙarin gishirin milimola 10 a lita shi ma wajen RU 100 ne. Ki riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

Yanzu aikin hannu. Zinare tsirara yana kama duk furotin da ya taɓa shi, don haka ba a barinsa haka. A kan farantin zinaren da aka fi sani, CM5, an shimfiɗa wani sinadari mai kama da sitaci, dekstiran, kaurinsa kusan nanomita 100, yana jiƙe da ruwa kamar soso, yana ɗauke da hannayen asid. Ana tayar da hannayen da gaurayen sinadarai biyu, EDC da NHS, na kimanin minti bakwai, a gudano furotin ɗin da ake son ɗaurewa a cikin bafar asitet (bafa ruwa ne da ke riƙe tsaminsa daidai) mai ɗan tsami, pH 4 zuwa 5.5, don caji ya jawo shi cikin soson, sannan a toshe sauran hannayen da etanolamin. Ga mai zinare tsirara kuwa, sinadarai masu kan salfa ake jera masa, domin salfa da zinare suna riƙe juna gam. A wannan mataki ne ake yi wa makauniyar sanda. In abin da kika ɗaure ya lalace, ko ya kwanta ta fuskar da bakinsa ya toshe, na'urar za ta ci gaba da zana miki layuka masu kyau, ba za ta ce miki komai ba.

Zanen da ke fitowa, sensogiram, yana da sauƙin karantawa. Layi a kwance lokacin da bafa kaɗai ke gudu. Kin saki samfur, layi ya fara hawa saboda abu na kamawa. Kin mayar da bafa, layi ya fara gangarowa saboda abu na saki. Daga hawan ana fitar da saurin kamawa, daga gangaren saurin saki, in aka raba na biyu da na farko a sami ma'aunin ƙarfin riƙo, KD, wanda ƙanƙantarsa ke nuna riƙo mai ƙarfi. A nan SPR ba shi da na biyu a ganina. Antibodi biyu na iya zama da KD ɗaya, amma ɗaya yana cafka ya saki nan da nan, ɗayan yana jinkirin kamawa amma in ya riƙe sai an yi da gaske. ELISA, hanyar gwaji da antibodi da ake karanta sakamakonta da launi, ba za ta nuna miki wannan ba, ita ƙarshen wasa kawai take gani. Shi ya sa kamfanonin magunguna suka rungumi SPR.

To ga inda matsalarki take. Na'urar nauyi take ji, aflatoksin kuwa ƙaramin abu ne. Nauyin ƙwayar aflatoksin nau'in B1 dalton 312 ne, na antibodi kusan 150,000. A ce kin cika farantin maƙil da antibodi har RU 10,000. Kowane antibodi na da hannu biyu. Ki raba 312 da 150,000, ki ninka da 10,000, ki ninka da 2: kusan RU 40. Wannan in duk antibodin na da rai ke nan, kuma duk hannayensu sun cika, abin da ba ya faruwa. A zahiri, a irin ƙarancin gubar da doka ke magana a kai, 'yan RU ƙalilan za ki gani. Ki gwada shi da RU 100 na digiri ɗaya na zafi, za ki ga dalilin da ya sa ban ba ki shawarar aunawa kai tsaye ba.

Dabarar ita ce a juya abin. Gubar ake ɗaurewa a kan farantin, ko dai kai tsaye ko a goye a bayan wani furotin kamar BSA. Sai ki gauraya ruwan samfurinki da antibodi gwargwado sananne, ki ba su 'yan mintoci, ki gudano su. In gyaɗar tsaf take, hannayen antibodin a sake suke, sai su kama gubar da ke kan farantin, layi ya hau da ɗaruruwan RU, domin yanzu ƙaton ne ke sauka ba ƙaramin ba. In gyaɗar na da guba, ta riga ta cika hannayen tun a kwalba, sai layi ya hau kaɗan. Yawan guba, ƙarancin hawa. Layin awon da za ki samu ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasasshe ne mai gangare a tsakiya, kuma a gangaren nan kaɗai awonki ke da daraja. Samfurin da ya faɗa can ƙasa inda layin ya kwanta sai a ƙara sirka shi a sake. Wata riba kuma, ƙaramin sinadari a kan faranti ya fi antibodi jure wanki. Bayan kowane awo dole a ɓamɓare abin da ya kama, da gilaisin mai tsami ko ɗan soda mai rauni, kuma farantin da aka ɗaure wa guba yakan jure zagaye masu yawa, alhali na antibodi yana raguwa a hankali. Da irin wannan tsari aka yi Biacore Q, wadda masana'antun abinci suka yi amfani da ita wajen auna bitamin da ragowar magungunan dabbobi a madara da zuma.

Sai batun metanol, kuma a nan zan ɗan daɗe domin a nan na fi ganin ana faɗuwa. Aflatoksin ba ya fita daga gyaɗa da ruwa zalla, sai da metanol, wani sinadari dangin barasa, kashi 70 ko 80 cikin ɗari. Bambancin metanol na kashi 1 cikin ɗari tsakanin samfur da bafar da ke gudu yana ba da wajen RU 200, ba tare da ƙwaya ɗaya ta kama komai ba. Wata rana wani ɗalibina ya shigo ofis da takarda a hannu, fuskarsa cike da murna, ya ce Malam an samu. Layin ya tashi tsaye kamar bango a daƙiƙar da samfur ya shiga, ya miƙe sumul, ya faɗo tsaye a daƙiƙar da samfur ya ƙare, ya koma daidai inda ya taso. Na ce ya kawo mini zanen magudana ta biyu, wato ɗayar hanyar ruwan da ke kan farantin, wadda ba a ɗaure wa komai ba. Muka ɗora takardun biyu a jikin taga, haske ya ratsa su, layukan suka hau kan juna kamar an kwafa. Metanol ya auna. Ya yi shiru, ni ma abin ya taɓa ni, don na san dararen da ya kwana a kai. Kamawa ta gaskiya tana hawa a lanƙwashe, tana sauka a lanƙwashe, kuma takan bar saura bayan samfur ya wuce. Duk abin da ya tashi da kusurwa huɗu kamar akwati, ruwa ne ya canza.

Saboda haka magudanar shaida wajibi ce. Ki yi mata duk abin da kika yi wa ta awo, ki tayar, ki toshe, in BSA kika goya wa gubar to ki ɗaure mata BSA marar guba. Ki cire zanenta daga na awo. Sannan ki saki bafa zalla a matsayin samfur sau da yawa, ki cire wannan ma. Masanin SPR David Myszka ya yi shekaru yana nanata wannan cirewa biyu, kuma shi da Rebecca Rich sun riƙa bin takardun da ake wallafawa duk shekara suna nuna yadda da yawansu ba su cika sharaɗi ba. Ki sa metanol a bafar da ke gudu daidai da wanda ke cikin samfur. Ki karanta sakamako 'yan daƙiƙu bayan samfur ya wuce, lokacin da tasirin ruwan ya tafi, abin da ya kama kawai ya rage.

Mu yi lissafin gyaɗarki. Tarayyar Turai ta sa iyakar mikrogiram 2 na B1 a kilo, da 4 na jimillar aflatoksin, ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. A ce samfurinki na kan 4. Kin jiƙa giram 25 a mililita 125, ya zama nanogiram 0.8 a mililita. Kin sirka sau goma don metanol kada ya kashe antibodi, ya koma 0.08, wato kusan nanomola 0.26. Ma'ana sai antibodin da KD ɗinsa ya sauka zuwa wannan ƙanƙanta zai yi miki aiki. Kin ga iyakar ganinki a hannun antibodi take, tsadar na'ura ba za ta cece ki ba. Ƙuli-ƙuli kuma ya fi ɗanyar gyaɗa wuya: ga sauran mai, ga gishiri, wani da yaji da citta, ga abin da suya ta haifar. Duk suna iya manne wa faranti ko su dami antibodi. Ki tace sosai, domin magudanan sirara ne, ɗigon mai ɗaya ko kumfar iska na iya ɓata yini guda. Kuma ki haɗa ruwan awonki a cikin ruwan ƙuli-ƙulin da aka tabbatar ba shi da guba, kada ki haɗa a bafa zalla.

Ko duk wannan ya tafi daidai, akwai abin da SPR ba zai ba ki ba. Aflatoksin huɗu ne a gyaɗa, B1 da B2 da G1 da G2, kuma antibodi yana kama su da ƙarfi daban-daban, sai ya ba ki lamba ɗaya a dunƙule. HPLC tana raba su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fito a lokacinsa, ga kuma ƙyallin da suke yi in an haska su da haske mai nanomita 365, wanda shaida ce ta biyu. LC-MS/MS, wato HPLC da aka haɗa da na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari, ta ƙara da nauyin ƙwayar da na gutsattsarinta. Don haka SPR na tankaɗe ne: ya ware miki masu tsabta da sauri, 'yan mintoci kowane samfur, waɗanda ya zarga kuma a kai su HPLC. Mai duba kundinki zai nemi ki gwada aƙalla wani kaso na samfuranki ta hanyoyin biyu, kuma yana da gaskiya.

Wani abu da ke damuna, ana ta muhawara a kan na'ura ana manta buhu. Gubar nan ba ta bazuwa daidai. Ƙwayoyi kaɗan da fumfuna ta ci na iya ɗauke da kusan duk gubar buhu guda. Shi ya sa ƙa'idar Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ta nemi samfurin kilo 20 na ɓararriyar gyaɗa, a niƙe shi duka kafin a ɗebi na awo. In kin cika tafi ɗaya daga bakin buhu a Dawanau, kuskuren da ke cikin wannan ɗiba ya fi duk bambancin da ke tsakanin SPR da HPLC. Ba ƙaramin abu muke aunawa ba. A 1960 wannan guba ta kashe talotalo kusan 100,000 a Ingila ta hanyar abincin da aka yi da gyaɗa, a nan aka gano ta. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Tana jawo kansar hanta, mu kuma ga ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da tuwon masara a kwanon yaranmu kullum.

Game da sayen na'ura, ra'ayina a fili yake. In burinki ki san yawan gubar da ke cikin samfura ɗari ko ɗari biyu, kada ki jira SPR. Na'urar na son wuta marar yankewa na sa'o'i, ɗaki mai sanyi tsayayye, ruwa mai tsabtar gaske, ga faranti da ake shigowa da su daga waje a ajiye a firiji, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. ELISA ko tsinken gwaji za su yi miki tankaɗen da kuɗi kaɗan. Tsinken ma ɗan gidan ne: jan layin da ke fitowa a irinsa, kamar na gwajin zazzaɓin cizon sauro, ƙananan ƙwayoyin zinare ne, kuma falasmon ɗinsu ne ke shanye koren haske wajen nanomita 520 ya bar ja. A tsinken aflatoksin ma dabarar juyawar nan ce, layi ya dusashe in akwai guba. Amma in tambayar bincikenki ita ce wane antibodi ko aftama (guntun DNA ko RNA mai cafke abu kamar antibodi) ya fi riƙo, ko kina son gina sabuwar hanyar awo, to SPR ne gidan, kuma ya cancanci ki nemi haɗin gwiwa da ɗakin binciken da ke da shi ko da na wata biyu ne.

In kin samu dama kin zauna gaban na'urar, ranar farko kada ki taɓa antibodi. Ki dama sukari a bafarki, kashi 0.1 da 0.2 da 0.5 da 1 cikin ɗari, ki sake su ɗaya bayan ɗaya a kan faranti marar komai. Na kashi 1 zai ba ki wajen RU 1,400, sauran su jeru a miƙe, kowanne da siffar akwatin nan, a magudanan biyu daidai wa daida. Ki kalli siffar har ta zauna miki a ido. Sannan ki bar bafa ta gudu ita kaɗai na awa ɗaya, ki rubuta RU nawa layin ya gusa, da ƙarfe nawa, da ko an buɗe ƙofa. Ki turo mini zanen magudanan biyu kafin a cire komai, tare da sunan antibodin da kike shirin saya, sai mu duba matakin ɗaurewa tare.